Kaso a Cikin Wuta, Ko Ikon Cewa A'a: 'Yan Asalin Kanada da Sabuwar Lantarki

A shekarar 2024, BC Hydro, kamfanin wutar lantarki na lardin British Columbia da ke yammacin Kanada, ya yi shelar cewa yana neman masu sayar masa da wuta mai tsabta. Ya gindaya sharaɗi ɗaya: duk wanda zai shiga takara, dole aƙalla kashi 25 cikin ɗari na aikin ya zama mallakar al'ummar 'yan asalin ƙasar da za a kafa shi a yankinta. Da aka fitar da sakamako a watan Disamba, ayyuka tara na injinan iska ne suka yi nasara, kuma a takwas daga cikinsu kason 'yan asali ya kai kashi 51.

A wannan lardin ne dai, a 1952, aka je wa mutanen Cheslatta, wata al'ummar 'yan asali, da labarin cewa ruwa na tafe, su tattara nasu ya nasu cikin 'yan kwanaki. Kamfanin Alcan ne ke gina madatsar Kenney domin samar wa masana'antarsa ta narka alminiyam da ke Kitimat wuta. Bayan sun tashi aka cinna wa gidajensu wuta, ruwa kuma ya ci maƙabartunsu, har aka riƙa tsintar ƙasusuwan iyaye da kakanni a bakin tafki shekaru da yawa bayan haka. Ita ma waccan wutar, a ma'aunin yau, mai tsabta ce: ba kwal, ba hayaƙi.

Tsakanin 1952 da 2024 an yi tafiya mai nisa. Sai dai a ganina masu murna sun cika haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, wato a ba ka kaso a cikin aiki, da a ba ka ikon hana aikin idan ba ka so. Na farko ya samu sosai a Kanada. Na biyu har yanzu ana kokawa a kansa.

'Yan asalin Kanada rukuni uku ne a tsarin mulkin ƙasar: waɗanda ake kira First Nations, masu al'ummomi sama da 600, da Inuit na can arewa mai ƙanƙara, da Métis. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai miliyan 1.8, kusan kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Kalmar sulhu da ake yawan ji a bakin 'yan siyasar Kanada ta samo ƙarfinta ne daga batun makarantun kwana da gwamnati da majami'u suka gudanar sama da shekara ɗari, inda aka raba yara kimanin 150,000 da iyayensu, aka hana su harshensu, dubbai kuma suka mutu a can. Hukumar Gaskiya da Sulhu, ƙarƙashin alƙali Murray Sinclair, ta kammala aikinta a 2015 da buƙatu 94. Ta 92 ba gwamnati ta fuskanta ba, 'yan kasuwa ta fuskanta: kada su fara aikin tattalin arziki a ƙasar mutane sai sun samu yardarsu tun kafin a soma, ba tare da matsi ba, bayan an fayyace musu komai. Wannan lafazi daga sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali aka ɗauko shi, sanarwar da Kanada tana cikin ƙasashe huɗu da suka kaɗa ƙuri'ar ƙin amincewa da ita a lokacin.

Kanada na alfahari da cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na wutarta daga ruwa take samu. Tarihin wannan ruwa kuwa ya isa ya bayyana dalilin da ya sa dattijon Cree, ɗaya daga cikin al'ummomin First Nations, ba ya saurin tafawa idan aka ce masa wuta mai tsabta. A watan Afrilun 1971, firimiyan lardin Quebec, Robert Bourassa, ya sanar da aikin James Bay, jerin madatsun ruwa a kan kogin La Grande. Ba wanda ya je ya gaya wa Cree da ke farauta da kamun kifi a yankin. A jarida da rediyo suka ji. Su da Inuit suka kai ƙara. A Nuwamban 1973 alƙali Albert Malouf ya ba da umarnin a dakatar da aiki, amma cikin mako guda kotun ɗaukaka ƙara ta ɗage umarnin, tana cewa maslahar jama'ar lardi ta fi. Duk da haka gwamnati ta tsorata, kuma tsoron ne ya haifi yarjejeniyar 1975, wadda ta ba Cree da Inuit diyyar dalar Kanada miliyan 225 da iko a kan makarantunsu da asibitocinsu. An yi madatsun. Ruwa ya mamaye fiye da murabba'in kilomita 10,000. Itatuwa da ciyayin da suka nutse suka fara ruɓewa, ruɓewar ta saki zaiba mai guba a cikin ruwa, zaiba ta taru a jikin kifi, kifi kuma shi ne abincin yau da kullum. Gwaje-gwajen shekarun 1980 a garin Chisasibi sun sami zaiba fiye da ƙima a jikin mafi yawan mutanen da aka duba.

Wanda ya san yadda tsohon garin Bussa ya nutse a ƙarƙashin tafkin Kainji a 1968, ko abin da ya sami manoman Bakolori a 1980, ba ya buƙatar dogon bayani a nan. A 1968 ɗin ne ma aka kammala madatsar Bennett a British Columbia, ta cinye ƙasar mutanen Tsay Keh Dene da Kwadacha.

Abin da Cree suka yi a zagaye na biyu shi ya sauya lissafi. Da Quebec ta zo da aikin kogin Great Whale, ba su tsaya ga kotu kaɗai ba. Sun gane cewa wutar ta sayarwa ce ga Amurka, don haka suka bi mai saye. A 1990 suka tuƙa kwalekwale har birnin New York. A 1992 jihar New York ta soke kwangilar sayen wutar, a 1994 kuma Quebec ta jingine aikin. Shekara takwas bayan haka, a 2002, gwamnatin lardin ta zauna da shugaban Cree Ted Moses suka sa hannu kan yarjejeniyar dala biliyan 3.5 da za a biya cikin shekara 50, kuma a ciki Cree suka amince a karkatar da kogin Rupert. Wasu daga cikinsu har gobe suna ganin an sayar da kogi. Amma a wannan karon an tambaye su, sun yi ƙuri'a, an kuma biya farashin da suka yi ciniki a kai.

Kotuna suka ƙara ɗaure zancen. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1982 ya tabbatar da haƙƙoƙin 'yan asali da yarjejeniyoyin da kakanninsu suka ƙulla da Turawa. A shari'ar Haida ta 2004 kotun ƙoli ta ce wajibi ne gwamnati ta tuntuɓe su tun kafin a tabbatar da mallakarsu ga ƙasar da ake jayayya a kai. A 2014 ta tabbatar wa al'ummar Tsilhqot'in mallakar ƙasarsu kai tsaye. Daga nan aka fara ganin kotu na soke izinin manyan ayyuka saboda tuntuɓar je-ka-na-yi-ka: bututun Northern Gateway a 2016, na Trans Mountain a 2018. Mai zuba biliyoyi ba abin da yake tsoro kamar aikin da ya tsaya shekara biyu kuɗin ruwa na hawa. Kamfanoni suka yi lissafi suka ga raba riba da mai ƙasa ya fi araha a kan zaman kotu. Ban ce babu masu kyakkyawar niyya ba, amma niyya ba ta isa ta bayyana yadda shugabannin kamfanoni suka koyi furta sunayen ƙabilu cikin shekara goma ba.

To, yaya al'umma mai mutum ɗari tara ke mallakar rabin aikin biliyan guda? Nan ne batun ya fi daɗin bincike, domin akwai tarko a cikin doka. Dokar Indiyawa ta 1876, wadda har yau tana aiki da wannan tsohon suna da Turawa suka laƙaba wa 'yan asali, ta sa filayen da aka keɓe wa First Nations a hannun gwamnatin tarayya a matsayin amana, sashenta na 89 kuma ya hana wani daga waje ya ƙwace dukiyar da ke cikin filayen saboda bashi. An yi shi da sunan kariya. Sakamakonsa shi ne banki ba ya karɓar filin a matsayin jingina, wanda ba shi da jingina kuwa ko ba ya samun rance, ko ya samu da kuɗin ruwan da zai cinye ribar gaba ɗaya. Lardin Ontario ne ya fara kwance wannan ƙulli a 2009. Ya yi dokar sayen wutar iska da ta rana a kan tsayayyen farashi na shekara 20, ya ɗora ƙarin kuɗi ga aikin da 'yan asali ke da kaso a ciki, sannan ya kafa shirin tsaya musu a banki: idan sun kasa biya, lardi zai biya. Da zarar gwamnati ta tsaya, kuɗin ruwa ya sauko. Ita kuma kwangilar shekara 20 ita ce ainihin jinginar.

Haka Henvey Inlet, ƙaramar al'umma a gaɓar Georgian Bay, ta zama mai rabin gonar injinan iska 87 da ke ba da megawat 300 tun 2019. Moose Cree suka sami kashi 25 a faɗaɗa tashoshin ruwa na kogin Mattagami, kogin da aka datse tun da ba tare da shawararsu ba. A Nanticoke, inda a da tashar kwal mafi girma a Arewacin Amurka take, yanzu akwai tashar sola mai megawat 44 da al'ummomin Six Nations da Mississaugas ke da hannu a ciki, kuma ba nisa da nan aka kunna rumbun batir na Oneida mai megawat 250 a 2025, su ma da kasonsu.

Wanda ya fi burge ni shi ne aikin layin wuta na Wataynikaneyap, domin ba kamfani ne ya zo da shi yana neman abokin tafiya ba. Al'ummomin arewa maso yammacin Ontario ne suka fara haɗa kai, suka kai 24, suka riƙe kashi 51, sannan suka zaɓo kamfanin Fortis da wasu su riƙe sauran. Layin wuta ne mai tsawon kilomita 1,800 da aka tsara don ya haɗa garuruwa 17 da babban layin lardi, gwamnatin tarayya kuma ta sa dala biliyan 1.6 a 2018. Margaret Kenequanash ce ta jagoranci kamfanin tsawon aikin. Kafin layin, garuruwan da janareton dizal suke rayuwa, man kuma ana kai shi ne ta hanyar ƙanƙara da ke buɗewa 'yan makonni a hunturu, idan ta narke da wuri sai jirgin sama. A Pikangikum, wanda aka fara haɗawa a Disambar 2018, janareton ya cika maƙil har an yi shekaru ba a iya ja wa sabon gida wuta. Gari ne mai yawan haihuwa, iyalai na cunkushe a gida ɗaya. Ga mutanen nan, maganar rage hayaƙin duniya tana bayan maganar gina ɗaki da tace ruwan sha.

Yanzu ga inda murna ke buƙatar birki. Kason nan ba kyauta ba ne, saye ake yi, kuma da bashi. Al'ummar na kama da direban Adaidaita Sahu da aka ba mashin kan sharaɗin kawo balas: sunansa na kan takarda, amma sai ya gama biya zai san ɗanɗanon mallaka, kuma ranar da babu fasinja balas bai san da wannan ba. Mutanen Nisichawayasihk a Manitoba sun ɗanɗana haka. Sun karɓi kashi 33 na madatsar Wuskwatim mai megawat 200, mafi yawan kuɗin kuma rance ne daga Manitoba Hydro, wato abokin kasuwancin nasu. An yi lissafin riba a kan tsadar wuta a kasuwar Amurka. Kafin a kunna tashar a 2012, iskar gas mai araha ta cika Amurka, farashin wuta ya faɗi, kuɗin gini kuma ya haura. Sai da aka sake zama aka gyara yarjejeniyar don kada al'ummar ta nutse a bashi. Akwai kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: mai kaso a madatsa yana da wahalar fitowa ya soki madatsar, ko da ruwanta na cin gaɓar garinsa.

Rabon ma ba daidai yake ba. Al'ummar da Allah ya ajiye kusa da babban layin wuta, a wuri mai iska, wadda ke da lauyoyi da akantoci, ita kamfanoni ke yi wa layi. Wadda ke can ƙurya ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa. Yankin Nunavut na Inuit garuruwa 25 ne, babu titin da ya haɗa su, kuma dukkansu da dizal suke samun wuta. Ayyukan da ake yi a irin waɗannan wurare ƙanana ne, tsadarsu kuma ba a magana. Old Crow a Yukon, garin Vuntut Gwitchin mai mutum kimanin 250, jirgin sama ke kai masa mai. Tashar solarsu da ta fara aiki sosai a 2021 tana rage kusan lita 190,000 a shekara, kuma suna sayar wa kamfanin wutar yankin abin da suka samar. Da bazara, lokacin da rana ba ta faɗuwa, akan kashe janareto. Da hunturu, lokacin da ba ta fitowa, dizal ya dawo bakin aiki. A Inukjuak da ke arewacin Quebec, Inuit sun zaɓi ƙaramar tashar ruwa mai megawat 7.5 rabi da rabi da kamfanin Innergex, wadda ba ta buƙatar babban tafki.

Masu fafutukar kare muhalli a birane suna son ɗaukar ɗan asali a matsayin mai gadin daji wanda ba ruwansa da mai da gas. Abin ba haka yake ba. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa nata shirin tsaya wa 'yan asali a banki da dala biliyan 5, aka ninka shi zuwa 10 a 2025, kuma ba a taƙaita shi ga makamashi mai tsabta ba, saboda shugabannin 'yan asali da dama sun ce ba wanda zai zaɓa musu kasuwar da za su shiga. Lamunin farko da shirin ya bayar, dala miliyan 400, na sayen kashi 12.5 ne na bututun iskar gas na Enbridge a British Columbia, al'ummomi sama da 30 suka haɗu suka saya. A Kitimat, garin da aka tashi Cheslatta domin masana'antarsa, mutanen Haisla ne ke da rinjayen kaso a tashar Cedar ta fitar da iskar gas zuwa Asiya. Bututun da zai kawo musu gas ɗin, Coastal GasLink, shi ne wanda sarakunan gado na Wet'suwet'en suka ƙi, har rikicin ya kai ga tare layukan dogo a faɗin Kanada a farkon 2020. Zaɓaɓɓun majalisu 20 da ke kan hanyar bututun sun sa hannu, ciki har da na Wet'suwet'en ɗin. Sarakunan gado suka ce majalisun Dokar Indiyawa ce ta ƙirƙire su, ikonsu bai wuce keɓaɓɓun filaye ba. Kamfani ya ce ya samu yarda. Yardar wa? Doka ba ta ba da amsar da kowa ya karɓa ba, 'yan sanda ne suka buɗe hanya.

Nan muka iso kan ikon cewa a'a. British Columbia ta mayar da sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya doka a 2019, tarayya ta bi a 2021. Amma tun a shari'ar Haida kotun ƙoli ta faɗa ƙarara cewa wajibcin tuntuɓa bai ba 'yan asali ikon hawa kujerar na-ƙi ba. Madatsar Site C a kogin Peace ta nuna ma'anar wannan a aikace. Al'ummomin West Moberly da Prophet River sun ƙi ta tun farko, suna cewa za ta nutsar da abin da ya rage na kwarin da yarjejeniyar 1899 ta yi musu alkawarin farauta da kamun kifi a cikinsa. Sun bi kotu bayan kotu. Kuɗin aikin ya tashi daga ƙasa da dala biliyan 9 zuwa 16, aka ci gaba. A 2022 West Moberly ta sasanta, shugabanta Roland Willson bai ɓoye ba cewa sun yi haka ne don sun ga ba za a tsayar da aikin ba. An cika tafkin a 2024. Wutar megawat 1,100 da yake bayarwa tana cikin wadda lardin ke kira mai tsabta, kuma da irinta za a tafiyar da tashar gas ta Haisla.

Ba a rasa hukuncin da ya karkata ɗaya ɓangaren ba. A 2021 kotun lardin ta ba al'ummar Blueberry River gaskiya, ta ce rijiyoyin gas da tituna da saran daji da madatsu, idan aka tara su wuri guda, sun karya waccan yarjejeniya ta 1899, ko da kowane ɗaya an ba shi izini bisa ƙa'ida. Lardin bai ɗaukaka ƙara ba, ya zauna ya yi yarjejeniya da su a 2023 kan iyakar sabon aikin da za a yarda da shi a ƙasarsu. Wannan ya fi kusa da ikon hanawa a kan kowane hannun jari.

Gwajin da ke gaba na ma'adinai ne. Batir da motar lantarki suna buƙatar nikel da tagulla da makamantansu, kuma wani bincike da mujallar Nature Sustainability ta buga a 2022 ya gano cewa fiye da rabin ayyukan haƙar irin waɗannan ma'adinai a duniya suna kan ƙasar 'yan asali ko kusa da ita. A Kanada idon kowa na kan yankin da ake kira Ring of Fire, kimanin kilomita 500 arewa maso gabas da Thunder Bay, inda nikel da kuromait ke kwance ƙarƙashin wata makekiyar fadama da ta riƙe iskar kabon mai ɗimbin yawa shekaru dubbai. Tona ta na iya sakin abin da aka yi motar lantarki don ta rage. Al'ummomin Marten Falls da Webequie suna son titi zuwa yankin, su ne ma ke jagorantar nazarin hanyoyin, saboda sun gaji da tsadar kayan da jirgi ke kawowa. Neskantaga, wadda tun Fabrairun 1995 aka umarci mutanenta su tafasa ruwa kafin su sha, ta ƙi, tana tsoron abin da zai sami kogin Attawapiskat.

A watan Yunin 2025, ana cikin takun-saƙar haraji da Amurka, gwamnatin Doug Ford a Ontario ta yi dokar da ta ba ta damar ayyana yankunan tattalin arziki na musamman ta kuma ɗage wasu dokokin lardi a cikinsu, tana nuna Ring of Fire da yatsa. A watan ne gwamnatin Mark Carney ta yi tata dokar ta gaggauta ayyukan da majalisar ministoci ta ce na maslahar ƙasa ne. Dukansu biyu sun yi alkawarin kaso da lamunin banki ga 'yan asali, Ontario ma ta ninka nata asusun lamunin sau uku zuwa dala biliyan 3. A watan Yuli al'ummomi tara na First Nations suka shigar da ƙara a babbar kotun Ontario suna neman a soke dokokin biyu, hujjarsu kuwa ita ce an rubuta su an zartar cikin 'yan makonni ba tare da an zauna da su ba.